Idan Mai Kanti Ya Ce Ba Ka Shiga da Bindiga: Jagora ga 'Yan'uwa Mazauna Amurka

A yawancin jihohin Amurka, doka ba ta hana baligin da babu wani laifi a kansa ya ɗaura ƙaramar bindiga a ƙugu, kowa na gani, ya fita harkokinsa ba. A Teksas an fara yarje wa masu lasisi haka daga 1 ga Janairun 2016, sannan a Satumban 2021 aka ƙara sassautawa, har marar lasisi ma yana iya ɗauka in ya cika shekara 21 kuma babu abin da ya haramta masa. Cikin mutanenmu da ke Houston, Dallas, Atlanta ko Columbus akwai waɗanda suka mallaki bindiga bisa ƙa'ida: direban babbar mota mai kwana a hanya, mai tsaron gidan mai da daddare, uwar da ke tashi daga aiki ƙarfe biyun dare. Duk wanda ya ɗauki tasa a bayyane, ko ba jima ko ba daɗe, zai isa ƙofar wani kanti a ce masa ba da wannan ba.

Shawarata a dunƙule ita ce ka fita tukuna. Ƙorafi yana da lokacinsa da hanyarsa, kuma ba a yin sa da bindiga a jiki. Ga mai karatu a gida kuma, wannan magana ta Amurka ce zalla. A Najeriya, dokar makamai ta 1959 ta ce mallakar bindiga sai da lasisi, babu wani haƙƙin yawo da bindiga cikin kasuwa.

Wa doka ta bai wa gaskiya?

Kuskuren da ya fi jefa mutane cikin rigima shi ne zaton cewa gyara na biyu na kundin tsarin mulkin Amurka, wanda aka tabbatar a 1791, ya ba su damar shiga ko'ina da makami. Gwamnati ya ɗaure wa hannu, bai ɗaure mai kanti ba. Manyan hukunce-hukuncen Kotun Ƙoli a kan bindiga, na Heller a 2008, na McDonald a 2010 da na Bruen a 2022, duk a kan dokokin hukuma aka yi su. Babu wanda ya ce dole gidan abinci ya karɓe ka da makami. Kanti dukiyar wani ce, da izininsa ka shiga, kuma yana iya janye izinin a duk lokacin da ya so. Maharbin da ya je gaida mai gari ma a zaure yake jingine bindigarsa, ba don an raina shi ba, sai don gidan ba nasa ba ne.

Dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964 ta hana wuraren cin abinci, masaukai, gidajen mai da gidajen kallo su kori mutum saboda launin fata, ƙabila, addini ko ƙasar asalinsa. Ɗaukar bindiga ba ya cikin jerin. Wanda ya tsaya a ƙofa yana ɗaga murya cewa an take masa haƙƙi, a wajen alƙali ba shi da ta cewa.

Kafin ka bar gida

Fara da takardunka, domin wannan ya fi shafarmu fiye da haifaffen ɗan ƙasa. Dokar tarayya ta haramta mallakar bindiga ga wanda ba shi da izinin zama, haka ma mafi yawan masu bizar wucin gadi irin ta karatu ko ziyara, sai 'yan keɓance-keɓance kaɗan. Mai takardar zama ta dindindin yana iya mallaka, amma in kotu ta same shi da laifin da ya shafi bindiga, dokar shige da fice ta ba da damar a tasa ƙeyarsa zuwa ƙasarsa. Sa-in-sar da za ta ja wa maƙwabcinka tara kawai, kai tana iya raba ka da matarka da 'ya'yanka. Ka riƙe wannan a rai duk lokacin da zuciya ta fara ɗibar ka.

Sai dokar jiharka. A Niyok da Illinois ba a ɗaukar ƙaramar bindiga a bayyane ko kaɗan, don haka 'yan'uwanmu na Bronx wannan babin bai taso musu ba. A inda aka yarda kuwa, tambayar da za ka nemi amsarta ita ce: allon da aka manna a ƙofa yana da ƙarfin doka, ko sanarwa ce kawai? A Jojiya da Fulorida, allon shi kaɗai bai mai da kai mai laifi ba, sai an ce ka fita ka ƙi. Amma kada wannan ya ruɗe ka, domin a Fulorida ƙin fita alhali kana ɗauke da bindiga babban laifi ne, ba ƙarami ba. A Teksas, Ohayo da Tennessee, wuce allon da aka kafa bisa ƙa'ida laifi ne tun daga takun farko.

Teksas ta cancanci a tsaya a kanta, saboda yawan mutanenmu a can da kuma yadda allunanta ke rikita baƙo. Lamba ce za ka duba. Allo mai 30.07 yana hana mai lasisi shiga da bindiga a bayyane. Mai 30.06 yana hana shi shiga da ita a ɓoye. Mai 30.05 ya shafi wanda ke ɗauka babu lasisi. Allon 30.06 da na 30.07 dole su kasance da Ingilishi da Sifaniyanci, da manyan haruffa masu tsayin aƙalla inci ɗaya, a inda ido zai gani. In 30.07 kaɗai ka gani kuma kana da lasisi, sakin riga a kan bindigar ya wadatar. Wuce allon ƙaramin laifi ne mai tarar da ba ta wuce dala 200 ba. Amma in mai wurin ya faɗa maka da baki ka fita ka ƙi, laifin ya hau matakin da ke kai mutum ɗaurin da zai iya kai shekara guda da tarar dala 4,000. Akwai kuma allon da aka rubuta 51% da ja, na wuraren da mafi yawan cinikinsu giya ce da ake sha a nan take. Shiga can da bindiga babban laifi ne mai ɗaurin shekara 2 zuwa 10. Ko abokin aiki ne ya ce ka tsaya ka ɗauke shi, jira shi a waje.

Kotuna, gine-ginen gwamnatin tarayya, makarantu da bayan shingen bincike na filin jirgin sama nasu daban ne: doka ce da kanta ta hana, babu manajan da zai yi maka sassauci.

Daga nan sai manufar kamfanin. Starbucks, mai gidajen shan kofi, ta roƙi abokan ciniki su daina shigowa da bindiga tun Satumban 2013, cikin buɗaɗɗiyar wasiƙar shugabanta na lokacin, Howard Schultz. Target ta bi sahu a Yulin 2014. Walmart ta yi nata roƙon a Satumban 2019, wata guda bayan harbin da aka yi a kantinta na El Paso wanda ya ci rayuka 23, kuma a kan ɗauka a bayyane ne kawai. Kroger, Walgreens da CVS suka biyo baya cikin kwanaki. Costco kuwa hani ne kai tsaye ga masu katinta. Akasarin waɗannan roƙo ne, shi ya sa ba ka ganin allo a ƙofarsu, amma da zarar manajan reshe ya ce ka fita, roƙon ya zama umarni. Duba shafin kamfani a intanet ko buga waya ka tambaya ba zai ci maka minti biyar ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A bakin ƙofa

A ce ka riga ka shiga, kana tura keken sayayya, sai ga ma'aikaci ko mai gadi ya nufo ka. Abu na farko hannayenka ne. Bar su a kan keken, ko ka buɗe su a gabanka inda za a gan su. Kada ka taɓa bindigar, kada ka gyara mata zama, kada ka ja riga da sauri don ka rufe ta, kada ka zura hannu aljihun baya neman lasisi. Kai ka san nufinka, amma kyamarar tsaro da matar da ke tsaye a layin biya hannu kawai suka ga ya nufi ƙugu.

Na biyu, saurara har ya gama, ka amsa da murya ƙasa-ƙasa. Abin da za ka ce bai wuce wannan ba: "To, na ji, na gode da ka sanar da ni. Yanzu zan fita." In kana so, ƙara tambaya guda: "In na ajiye ta, zan iya dawowa in ƙarasa sayayya?" Shi ke nan. Kada ka ce sai ya nuna maka a rubuce, kada ka ce sai an kira manaja kana tsaye a ciki, kada ka karanto masa kundin tsarin mulki. Yarinyar da ke kan na'urar karɓar kuɗi ba ita ta tsara manufar ba, albashin awa take karɓa, kuma mai yiwuwa gabanta faɗuwa yake tun da ta hango ka.

Na uku, bar kayan a inda suke ka kama hanyar ƙofa, da tafiya irin ta kullum. Kada ka ce bari in biya tukuna, sai in su suka ce ka biya. A gidan abinci, tambayi yadda za ka biya abin da ka riga ka ci, don kada a ce ka gudu da kuɗinsu. In da yara tare da kai, riƙe hannunsu ku fita, bayani sai a mota.

Na san akwai ciwo. Mutum ya bi doka, an binciki tarihinsa, ya biya kuɗin horo, sannan a fitar da shi gaban jama'a kamar ɓarawo. Amma Musulmi yana da abin dogaro a nan. Ya tabbata cikin ingantaccen hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci wanda zai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu, don kada ya ji wa wani rauni. Kiyaye lafiyar mutanen kasuwa da kwanciyar hankalinsu nauyi ne a kan mai makami, ba alfarma ba ce yake yi musu.

A wajen ajiye motoci

Nan ne ake yawan yin ganganci. Kada ka tsaya a bayan mota, but a buɗe, kana zare bindiga jama'a na wucewa. Shiga ciki, rufe ƙofa, cire ta tare da kubenta yadda yatsa ba zai kusanci kunama ba, ka sa ta cikin akwatin ƙarfe mai makulli wanda aka ɗaure da waya a ƙarfen kujera. Aljihun gaban mota da ƙarƙashin kujera su ne wuraren da ɓarawo ke fara lalubawa, kuma bindigogin da ake sacewa daga motoci su ne ke komawa hannun 'yan ta'adda na unguwa. In ba ka da irin wannan akwati, wuce gida. Sayayyar za ta jira.

In 'yan sanda suka zo

A nan nake roƙon kowane ɗan'uwa ya nutsu, domin launin fatarmu yana cikin lissafi ko mun so ko mun ƙi. A Agustan 2014, a wani kantin Walmart da ke Beavercreek a Ohayo, John Crawford III, baƙar fata ɗan shekara 22, yana waya riƙe da bindigar iska da ya ɗauko daga kan kantar kantin. Wani ya kira lambar gaggawa ta 911, 'yan sanda suka zo suka harbe shi har lahira, a jihar da ɗaukar bindiga a bayyane ba laifi ba ne. A Yulin 2016, a Minnesota, Philando Castile ya faɗa wa ɗan sandan da ya tsayar da motarsa cewa yana da bindiga, wadda kuwa yake da lasisinta. Cikin daƙiƙoƙi aka harbe shi, gaban budurwarsa da ƙaramar 'yarta, kotu kuma ta wanke ɗan sandan a 2017. Ba ka san abin da mai kiran waya ya faɗa a kanka ba, kuma su da wannan labarin suka taho.

Don haka tsaya cak. Hannu a buɗe, nesa da ƙugu. Faɗi a hankali cewa kana ɗauke da bindiga bisa doka, ka faɗi gefen da take, sannan ka tambayi jami'in abin da yake so ka yi. Kada ka motsa sai ya ce, in za ka ɗauko katin shaida kuma ka faɗi aljihun da yake kafin hannunka ya tafi. A wasu jihohi, irin su Michigan da Karolina ta Arewa, mai lasisin ɗauka a ɓoye dole ne ya sanar da jami'i tun kafin a tambaye shi. In suka karɓi bindigar na ɗan lokaci, bar su. In suka ba ka takardar gargaɗin kada ka sake taka kantin, karɓa, kuma kada ka koma ko da hannu rabbana, domin komawar kanta dalilin kamu ce. In magana ta kai ga tuhuma, ce kana son lauya ka ja bakinka. Wanda ba ɗan ƙasa ba kada ya amsa kowane laifi, komai ƙanƙantarsa, sai lauyan shige da fice ya duba.

Yanzu lokacin ƙorafi ya yi

Da ka isa gida, rubuta rana, lokaci, reshen kantin, abin da aka ce da abin da ka ce, tun kana tune da shi. Hoton ƙofar daga waje yana da amfani, don a ga ko akwai allo ko babu. Naɗar muryar mutum a ɓoye kuwa ka yi hattara, a jihohi irin su Fulorida da Pennsylvania sai da yardarsa.

Sannan gano mai yanke hukunci. A ƙaramin shago mai shi ne, a gidajen abinci masu rassa sau da yawa wani ɗan kasuwa ne ya sayi izinin amfani da sunan, a rukunin kantuna kuma mai ginin ne ke kafa doka. Aika masa gajeriyar wasiƙa: kai wane ne, tun yaushe kake ciniki da su, kusan nawa kake kashewa a wata, me ya faru, me kake nema. Nemi abin da zai yiwu. Su manna allo a fili don kada a kunyata wani, ko su hana ɗauka a bayyane su bar mai lasisi ya rufe tasa, kamar yadda kantunan H-E-B suka yi a Teksas a 2016.

Kana da hujjar da za ka kafa, kuma ba ta wasa ba ce. A Oktoban 1991, wani ya kashe mutum 23 a gidan abincin Luby's da ke Killeen a Teksas. Suzanna Hupp tana ciki, bindigarta na mota saboda dokar lokacin, kuma iyayenta biyu suna cikin mamatan. Fafutukarta na cikin abin da ya kawo dokar lasisin Teksas ta 1995. A Yulin 2022, wani matashi ɗan shekara 22 ya harbe maharin da ya kashe mutum uku a rukunin kantunan Greenwood Park da ke Indiana, wurin da dokarsa ta hana shiga da makami. Sai dai ka sani mai kanti ma yana da tasa: ma'aikatansa ba za su iya bambance mai kirki da mugu daga nesa ba, iyaye suna kwashe 'ya'yansu su fice, kuma shi zai amsa tambaya in wani abu ya faru. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In ya ce a'a, kai kuɗinka wani wuri, ka sanar da shi dalili cikin ladabi. In za ka rubuta a intanet, faɗi abin da ya faru ba ƙari, kuma kada ka sa suna ko hoton ma'aikaci.

Abin da nake hana ka da babbar murya shi ne taron gangami da makamai a ƙofar kanti. An gwada, kuma akasin abin da ake nema ya haifar. A Agustan 2013 masu goyon bayan bindiga suka shirya ranar nuna godiya ga Starbucks ɗauke da makamansu, har a Newtown, garin da aka kashe yara 20 da manya 6 a makarantar Sandy Hook watanni takwas kafin nan. Reshen garin ya rufe da wuri, wata guda bayan haka wasiƙar Schultz ta fito. A Mayun 2014 wasu suka shiga gidan abincin Chipotle a Dallas rataye da manyan bindigogi suka ɗauki hoto, kamfanin ya ce kowa ya bar tasa a gida. Kwana biyar bayan harin El Paso, wani matashi ya shiga Walmart a Springfield ta Missouri da babbar bindiga da rigar sulke, ya ce gwada kantin yake yi. Jama'a suka watse a guje, wani mai bindiga ya tsare shi har 'yan sanda suka kama shi. In doka kake son a sauya, majalisar jiha ce wurin. A Wisconsin, dokar 2011 ta kare mai kantin da ya bar masu lasisi su shiga daga ɗaukar alhakin abin da wannan shawara tasa ta jawo, kuma irin wannan tanadi ya fi saurin sauya ra'ayin ɗan kasuwa fiye da ihu a ƙofarsa.

In ka ga alamar wariya

Wani lokaci bindigar fakewa ce kawai. In kai aka fitar alhali wani farar fata yana yawo da tasa a ƙugu ba a ce masa uffan ba, ko aka haɗa da magana a kan hularka, gemunka, hijabin matarka ko harshenka, wannan wani babi ne, kuma doka tana bayanka. Duk da haka ka fita, sannan ka nemi sunan shaida da lambarsa a waje, ka rubuta kalmomin da aka faɗa yadda aka faɗe su. Aika wa kamfanin takarda da wuri cewa su adana hoton kyamarar ranar, domin na'urorin suna goge tsohon hoto da kansu. Daga nan kana iya kai ƙara hukumar kare haƙƙin jama'a ta jiharka, ko sashen kare haƙƙi na Ma'aikatar Shari'a ta tarayya, ko ka tuntuɓi ƙungiyar CAIR wadda ke karɓar irin waɗannan koke-koke daga Musulmi. Akwai wa'adin shigar da ƙara, kuma ya bambanta daga jiha zuwa jiha, don haka kada ka bar maganar ta kwana da yawa.

In kai ne a bayan kanta

Da yawa cikinmu su ne masu gadin, ko masu shagon kayan abincin Afirka. In ba ka son bindiga a shagonka, sayi allon da ya dace da ƙa'idar jiharka ka manna a kowace ƙofa, domin hoton bindiga da aka ja wa jan layi bai cika sharaɗin 30.06 ko 30.07 na Teksas ba. Mutum ɗaya ne zai yi magana da mai bindigar, manaja ko mai shago, daga ɗan nesa, ba tare da tare masa hanyar fita ba: "Yallaɓai, ba ma barin bindiga a nan. In ka ajiye ta, muna maraba da kai." In ya ƙi, kada ka ja da shi, koma ciki ka kira 'yan sanda. Ka faɗa musu daidai abin da ka gani: bindigar tana cikin kube ko a hannu, ya yi barazana ko bai yi ba, wace riga ce a jikinsa, kuma a wace ƙofa yake tsaye.